Akwatin da Ba A Kashewa

Kawu ake kiransa a kamfanin aika kaya, har mai kamfanin ma haka take ce masa. Shi ke buɗe ƙofa da safe, shi ke kullewa da yamma, kuma kafin ya kulle sai ya bi soket ɗaya bayan ɗaya ya kashe. Yana saurayi shagon ɗinkin mahaifinsa ya ƙone saboda dutsen guga da aka bari a jone. Tun daga ranar bai ƙara yarda da wani abu mai igiya ba. Matarsa kan ce ko firij ɗinsu a tsorace yake aiki.

Bayan rufin ofis ya yi yoyo, ruwa ya ci kwamfutar da ke riƙe da adireshin duk kayan mutane, sai Hajiya mai kamfanin ta ɗauko wata injiniya. Injiniyar ta ja layin intanet na biyu don kada aiki ya tsaya in na farko ya yanke. Ta kuma kafa wani ɗan akwati a bayan kanta, wanda zai riƙa tura aikin yini zuwa wani reshen kamfanin bayan an tashi, lokacin da babu mai damun layi. Ta yi wa akawu da direbobi bayani. Kawu yana waje yana sauke kwalaye.

Akwatin bai kwanta masa ba. Yana ƙyafta ido kamar munafuki, in ka taɓa shi kuma da ɗumi. Me yake yi bayan kowa ya tafi? Wa yake kai wa rahoto? Kullum sai ya kashe shi, da safe ya kunna.

Ran da aka yi gwaji, aka kashe babbar kwamfuta da gangan, aka kira reshe don a ji ko aikin ya isa can. Babu komai a can. Hajiya ta dubi injiniya irin duban da ake wa ɗan damfara. Injiniya ta ce akwai mai yi mata zagon ƙasa, akawu ya ce shi dai a cire sunansa. Sai injiniya ta duba akwatin, ta ga kullum yana mutuwa daidai lokacin tashi. Duk ido ya koma kan Kawu.

Bai musa ba. Ya ce aikinsa ke nan.

"Kawu, wannan ba a kashe shi," in ji Hajiya. "Shi ne zai cece mu ran da wani abu ya faru."

"Hajiya, in kuma shi ne abin da zai faru fa?"

Babu wanda ya yi dariya. Injiniya ta liƙe maɓallin da salatif, ta rantse masa wutar da yake ja ba ta kai ta ƙwan lantarki ba. Ya gyaɗa kai.

Da yamma ya kashe komai, ya tsaya gaban akwatin har direbobi suka watse. Daga nan ya koma ofishin Hajiya, ya ajiye makullin a kan tebur.

"Ki ba wani," ya ce. "Ni ba zan iya kulle ƙofa da wuta a ciki ba."