Kifin Shak Bakwai Da Muryar Kakata

Jama'a, wannan ba ji na yi ba, a kaina ya faru, wallahi tallahi, yau shekara goma sha wani abu ke nan. Ni mutumin Gozaki ne, manomi. A shekarar, bayan mun cire masara mun tsince auduga, sai na bi kawuna cin rani can bakin teku wajen Badagiri, inda yake saro busasshen kifi yana turowa Funtua. Aikina shi ne in jiragen masunta sun iso, in shiga ruwa iya ƙugu, a ɗora mini daro cike da kifi in fito da shi tudu.

To akwai wani mugun kifi da ake kira shak da ke biyo jiragen nan har inda ruwa ba zurfi, tsawonsa ya kai na mutum, bakin fikafikansa baƙi ƙirin kamar an tsoma a tawada. Ranar da na fara ganin ɗaya ya yi tsalle sama yana juyi kamar katantanwa, saura kaɗan in tattara in koma gida. Wani tsohon masunci mai jin Hausa sama-sama ya ce in kwantar da hankalina, matsoraci ne, in ya ga mutum kaucewa yake, sai fa in ya ji jini ga kuma kifi a warwatse, nan ne yake haukacewa, ba ya bambanta ƙafar mutum da abinci.

Ran nan da hantsi ina tsakiyar ruwa, igiyar ruwa ta make ni, daron ya tuntsure, kifi ya watse kewaye da ni, kuma garin neman tsayuwa na taka wani abu mai kaifi ya tsarge mini tafin ƙafar hagu. Kafin in ce me, ruwan ya fara tafasa. Baƙaƙen fikafikan nan suna yanka ruwa ta ko'ina, har bakwai na ƙirga. Mutanen tudu suna ta ihu in gudo. Abokin aikina, wani Bazabarme, ya ruga yana fantsama ruwa, nan take ɗaya ya cafke masa sha-raɓa, innalillahi, har yau ƙararsa tana kunnena.

Na ɗaga ƙafa zan ruga ke nan, sai na ji murya dab da kunnena, muryar kakata da na baro a Gozaki.

"Maigida, tsaya cak."

Ita kaɗai ke kirana haka, irin wasan kaka da jika. Na sandare. Sai babban cikinsu ya miƙo kaina, ya zo har hancinsa ya kusa taɓa gwiwata, ya tsaya. Yana ta karkarwa yana bugun ruwa da wutsiya amma ya kasa matsowa, kamar wanda aka riƙe ta baya. Haka muka tsaya har masunta suka turo jirgi suka fizge ni. Tsohon nan ya ce tun tasowarsa bai taɓa ganin irin wannan kifin ya tsaya wuri ɗaya ba, kuma daga ranar bai ƙara yarda mun haɗa ido ba.

Ni da kawu muka yi shawara kada a gaya wa kowa a gida. Da ruwan fari ya sauka na dawo ni kaɗai. Kakata Bamagujiya ce, a kan addinin iyayenta take, kuma ko Malumfashi ba ta taɓa wucewa ba, balle ta san teku. Na iske ta tana ɓarar gyaɗa, ko gaisuwata ba ta amsa ba.

"Kawo ƙafar hagun in gani," in ji ta. Ta duba tabon. "Su bakwai ne ko? Babban nan ya wahalar da ni."

Sai ta juyo mini hannuwanta, duk sun saluɓe daga wuyan hannu zuwa gwiwa kamar an goge su da dutse mai kaushi. Mahaifiyata ta ce wata rana da hantsi tsohuwar tana cikin surfe ta yar da taɓarya, ta rungumi iska tana nishi, da ta saki sai ga jini.

Na yi wa kakata tambayar duniya, ta ce in tashi in ci tuwo. Da lokacin kaka na shekarar ya zagayo ta rasu, ba ta faɗa ba.

Ni Musulmi ne, na san Allah ne ya tsare ni, amma wallahi ko yanzu da nake ba ku labarin tsigar jikina tashi take. Duk wanda neman abinci ya kai shi bakin teku, kada ya shiga ruwa da ciwo mai jini, in kifi ya zube ya bar shi, kuma kada ya bar gida bai sallami tsofaffinsa ba.