Malam Abdulgani, mai duba majinar masu tari

Tun da hantsi, bayan ƙaramar likita, wato asibiti, a kwarin Tarka, Malam Abdulgani ke shiga ɗakinsa mai taga ɗaya. Ya shafa majinar masu tari a gilashi, ya rina ta, ya kafa ido a madubin likita yana neman ƙwayar tarin fuka. Shekara ashirin da bakwai haka, shi kaɗai. Abokan aiki na gaishe shi daga bakin ƙofa. Tun rasuwar matarsa Jummai, a gindin aduwa yake cin tuwonsa, don ba mai son haɗa kwano da shi, saboda tsoron tarin.

Dado, Bafillatana mai tallar nono, ita ta ba da wannan labari. Shi ya gano cutar a ƙirjinta. Ta sha magani wata biyu, ta ji sauƙi, ta bar maganin, ta bi shanu arewa. Kwana uku ya yi bisa babur yana tambayar rijiya-rijiya, har ya same ta bayan garin Tenhya.

"Malam, ai na warke," in ji ta.

"Inna, ba ki warke ba, ɓuya ta yi. Akwai 'yan tsaro a jikinki masu haɗiye cuta. Wannan kuwa in an haɗiye ta, sai ta yi gida cikin ɗan tsaron. Wani kan kashe kansa don ta rasa maɓoya, 'yan'uwansa su gama da ita. Amma sun yi kaɗan. Ki taimake su da magani wata huɗu."

Ta karɓi maganin. "To, ba na bari su mutu a banza."

Yau Dado na goyon jikokinta.

Malam, kai ne idon da bai gaji ba. Kai ka san sunan kowane mai tari daga Belbeji har mashekarin makiyaya, su kuwa da yawa ba su san naka ba. Mun gode. Allah ya saka maka da Aljanna.

Bana Malam ya ajiye aiki, ido ya yi rauni. Ba a yi taro ba, ba a turo madadinsa ba. 'Yan makarantar Damergu, ga aikin da ke jiran ɗayanku. Da aka tambayi Malam me yake so a yi masa, cewa ya yi:

"A kawo wani kafin kaka. Makiyaya za su dawo, kuma da tari za su dawo."