Zaren da Na Ɗaure Zakara da Shi

Innarmu ba ta taɓa yarda da salula ba. Ta ce murya maƙaryaciya ce, mace tana iya kwana da yunwa ta ɗauki waya ta ce lafiya lau. Hoto kuwa ya fi muni, don ta taɓa ganin hoton wata maƙwabciyarmu da ƙashin wuya ya fito mata, amma a cikin waya kumatu har suna sheƙi. Abin da Inna ta yarda da shi guda ne, zaren abawa.

Ga yadda zaren ya shigo gidanmu. Yayata mace aure ya kai ta hayin iyaka, cikin ƙasar Katsina, wani zangon Buzaye da suka daɗe da zama can. Ita kaɗai ce a zangon ba ta jin yarensu. Bayan shekara biyu yayana namiji ya je gaishe ta, ya ga ƙanwar mijinta, gaisuwar kwana uku ta koma sati biyu. Kafin damina ya auro ta, ya kawo ta ƙauyenmu kusa da Attantane, inda ita ma ba ta da kowa.

Ranar da aka kawo amaryar, uwarta da Inna suka zauna a gindin bedin ƙofar gida. Tsohuwar Buzuwar ba mai yawan magana ba ce. Ta ce, "Ɗiyarki tana hannuna, tawa tana hannunki." Inna ta ce, "Na jiya." Suka shirya cewa duk shekara bayan an kai hatsi rumbu, kowace za ta zagaya dantsen surukarta da zare, ta ƙulla ƙulli biyu daidai inda ya haɗu, ta aika wa uwar yarinyar. In zaren bana ya kai na bara, zaman lafiya. In ya gaza, ba su faɗi abin da zai faru ba, kuma ba wanda ya tambaya.

A hankali auren nan biyu ya ja mutane. Gida huɗu na dangin matar yayana suka taso suka kafa bukkokinsu a gabashin ƙauyenmu da raƙumansu da awakinsu. Samarinmu ba su so ba, musamman a rijiya, amma Inna tana da baki a garin, mai gari ma ƙaninta ne. Ta sa aka ba Buzayen rabonsu na jan ruwa da hantsi. Can hayin kuwa, mazan ƙauyenmu wajen goma suka samu aron fadama ta hannun mijin yayata, suna noman albasa da rani, wasu har suka kwashe matansu suka zauna. Kowane ɓangare dai ya san nasa suna hannun wani.

Kada a ɗauka Inna son Buzaye ne ya dame ta. Kullum tana ƙorafin raƙumansu sun fi su ladabi, kuma shayinsu ba ya ƙarewa. Amma in ka ga yadda take ɗura wa surukarta abinci, sai ka rantse ita ta haife ta. Nonon jar saniya nata ne ita kaɗai. Ana saura wata guda a yi awo, fura sau uku a yini, Inna na tsaye a kanta da ludayi. Matar yayana ta kan ce, "Inna, wallahi na ƙoshi." Inna ta ce, "Ke kin ƙoshi, dantsenki bai ƙoshi ba. Shanye."

Ni ne ɗan aiken zaren. Ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa, inda ake ce wa malami mushe, ina da hutu bayan kaka, kuma ni ne na san yadda ake magana da ma'aikatan kan iyaka. Gaskiya ina raina aikin. Mutumin da yara sittin ke miƙewa tsaye in ya shiga aji, an mayar da shi mai yawo da zare a aljihu. Matar yayana ta gane haka, ga shi akwai wasan ƙanin miji tsakaninmu, sai ta riƙa ce mini, "Mushe, ka yi karatu mai zurfi, Allah ya sa ka kai matsayin ɗaukar igiya."

A shekara ta bakwai na je na karɓo zaren yayata. Na same ta ɓul-ɓul, tana zagin awaki da yaren Buzaye. Ta ba ni cuku, ta ba ni wani jan zakara na kai wa Inna. Kafin na taso, ilimi ya motsa mini. Na fito da abin awona na aji, na miƙe zaren daga ƙulli zuwa ƙulli, na rubuta santimita talatin da ɗaya a bayan littafina. Na ce a raina, wata rana zan nuna wa tsofaffin nan cewa duniya ta ci gaba.

A tashar Tasawa zakaran ya tsinke tsumman da aka ɗaure masa ƙafa. Ya bi ta ƙarƙashin motar Mayahi, ya haye teburin mai tsire, ni kuma ina biye da shi da rigar mushe, ɗalibaina biyu mata suna kallo suna rufe baki. Da na kama shi na laluba aljihu, abin da hannuna ya taɓa shi na ɗaure ƙafafun da shi tamau. Sai da mota ta ɗauki hanya na duba na ga zaren yayata ne, ga kashin kaza ya ɓata shi.

Ban damu ba, ai ina da lamba. Da muka tsaya a wata kasuwa na sayi abawa, na yanko santimita talatin da ɗaya cif, na ƙulla ƙulli a kowane baki. Abin da duk wata tsohuwa mai kaɗi ta sani, ni mai takardar shaida ban sani ba, shi ne ƙulli yana cin zare.

Inna ta karɓi zakara, ta karɓi cuku, sannan ta buɗe kwallar da take ajiye zaruruwan shekarun baya. Ta jera na bana kusa da na bara a kan cinyarta. Ya gaza da yatsa biyu. Ta sake miƙe shi, ta ja har yana neman tsinkewa. Yatsa biyu.

Ta ce, "Auta, da idonka ka gan ta?"

Na ce, "Na gan ta, Inna, lahiyarta lau."

"Kai mi ka sani ga jikin mace? Zane ta yafa maka."

Nan ne ya kamata na faɗi gaskiya. Na tuna yadda za a yi ta ba da labarin mushe da zakara har jikokina, sai na bar ta a haka. Na koma Tasawa ina ce wa kaina abin zai wuce.

Inna ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Nonon jar saniya kawai ya koma kasuwa. Fura ta koma sau ɗaya. Da samari suka tare wani Buzu a rijiya suka ce raƙuminsa ya jira sai kowa ya gama, aka zo aka gaya mata, ta ce ita tsohuwa ce, ina ruwanta da rijiya. Magana ɗaya ke nan, amma duk garin ya ji ta. Cikin kwana kaɗan aka fara tuno tsofaffin laifuffuka, waken da akuya ta ci shekara uku da suka wuce, gatarin da ya ɓata tun ban yi aure ba.

Salular da Inna ta raina ita ta kai labari hayi. Can ma aka ce wa masu albasarmu ana bukatar fadamar, su cire abin da za su iya cirewa. Yayana ya kira ni ranar wata Laraba ya ce na zo gida. Mutanenmu na can suna neman motar da za ta kwaso su, alhali gonakin da suka bari an riga an raba wa ƙannensu. Yayata kuma mijinta ya daina cin tuwonta.

Na iso da hantsi. A gabashin gari na ga amalanke uku an ɗora musu tabarmi da turame da sandunan bukka. Gida na huɗu sun riga sun tafi tun shekaranjiya, sai da'irar toka da kashin awaki a inda suka zauna. Duk da haka, Allah ya gani, ban shiga gida da niyyar tona kaina ba.

Na tarar Inna ta fito da abawa. Ta ce tunda na zo, sai na kai wa waccan tsohuwar nata awon, ita ma ta ji abin da Inna ta ji. Matar yayana ta zo ta durƙusa ta miƙa hannu. Na daɗe ban ga dantsen nan haka ba, munduwarta har tana gangarowa gwiwar hannu. Ba ta ce mini mushe ba, ba ta ma dube ni ba. Inna ta zagaya zaren, ta kama inda ya haɗu da farce.

Sai matar yayana ta ce, a hankali, "Inna, ki sassauta shi. Ki ƙara yatsa biyu."

Inna ta ce, "Don mi?"

"In uwata ta ga wanga zare yadda shike, ɗiyarki ba ta ƙara shan nono gidanmu. Ni na iya haƙuri, ina da 'yan'uwa nan kusa, ko da shike sun ɗaure kaya. Ita ba ta da kowa can."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Matar da aka hana wa nono saboda ƙaryata, ita ce ke roƙon a yi ƙarya don yayata ta ci abinci. Na ce, "Inna, ki dakata." Na faɗi komai, tun daga tasha har santimita.

Inna ta ajiye abawar. Ta ce, "Zaren da ka ɗamre zakara da shi?" Ta tashi ta nufi bayan ɗaki ta ɗauko tsintsiyarta. Inna ba ta yar da komai. Ranar da ta kwance zakaran ta wanke zaren, ta ga mai ƙwari ne, ta ɗaure tsintsiya da shi. Sati uku tana sharar tsakar gida da dantsen ɗiyarta a hannu. Ta kwance shi, ta jera da na bara. Ya fi shi da yatsa guda.

Ta ce, "Shekara goma sha nawa muna sai da awaki kana lakwal, ashe ƙulli ba a koya maka ba." Matar yayana ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suna rawa, ban san ko dariya take ko kuka ba. Ina jin duka biyun ne.

Inna ta tasa ni gaba har wurin amalanken. Ta sa na maimaita labarin a gaban Buzaye da mai gari da samarin rijiya, ta hana ni tsallake wurin teburin mai tsire. Dariya ta yi abin da ban haƙuri ba zai yi ba. Wani dattijonsu ya share hawaye da bakin rawaninsa ya ce a sauke turame. Har yau in na ratsa ta gabashin gari sai wani ya yi mini cara.

Zaren matar yayana kuwa, Inna ta ƙi ƙara masa ko rabin yatsa. Ta ƙulla shi yadda yake, gajere, ta ce ba ta aika ƙarya, kuma ba ta ƙara aiken mai ilimi. Ita da ba ta taɓa wuce Tasawa ba, ta hau mota ta ƙetare iyaka, ni ina riƙe da jakarta. Ta durƙusa gaban tsohuwar Buzuwar ta miƙa mata zaren da hannu biyu. Ta ce, "Ga abin da na yi wa ɗiyarki. Ke kin riƙe amana, ni ban riƙe ba."

Tsohuwar ta jera shi da na bara, ta ga yatsa biyun. Ta kira yayata ta ce ta kawo wa baƙuwa nono. Masu albasa suka ci gaba da ban ruwa a ranar.

Gidan nan na huɗu dai ba su dawo ba. Mun aika sau biyu, suka ce sun gode, sun riga sun kafa bukka a wani wuri, yaransu sun saba. Suna da wata tsohuwa makauniya da ta kan zauna tana gaishe da duk mai zuwa rijiya da sunan uwarsa, can ta rasu. Inna ta hana kowa noma wurin da suka tashi. Duk damina ciyawa ta fi tsawo a nan saboda takin awakinsu, kuma hanyar gidanmu ta gefensa ta bi, ba ni da wata.