La'asar a Bakin Tekun Sin

Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin gabas da yamma, wanda Ya hore wa bayinSa teku su ci daga cikinta, Ya kuma bar mata kwarjinin da za ta riƙa tuna musu rauninsu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku ɗalibaina da maƙwabtana, kun yawaita tambayata abin da ya same ni a ƙasar Sin, har na ji wasu sun ƙara wa labarin gishiri, wai kifi ne ya kusa haɗiye ni. To, ga yadda al'amarin ya gudana.

Daga masauki zuwa Nansha

Ɗan ƙanwata Sabi'u, mai sarin takalma a titin Zhanxi, shi ya kai ni Guangzhou domin likita ya duba mini gwiwa. Da aka gama magani, ana jibi za mu tashi, ya ce ba zai mayar da ni Kano ban ga teku ba, ya yi mana hayar ƙaramin jirgin ruwa irin wanda mutanen can ke fita kamun kifi da shi don nishaɗi. Na ukunmu shi ne Alhaji Idi, wani dattijon ɗan kasuwa Badamagare da muke masauki ɗaya. Tun ranar da ya ji ni Bakano ne bai sake kirana da sunana ba, sai “bawana”, kamar yadda wasan Kano da Damagaram ya gada.

Mun yi Asuba a ɗakinmu, ɗakin da tagarsa ke kallon bangon wani bene, rana ba ta taɓa leƙowa. Tun saukata Sabi'u ya liƙa ƴar takarda a bango ta nuna alƙibla, ita nake bi kullum. Muka karya da shayi da burodi, muka shiga mota gari bai waye ba. Muka bar hanyar Huangpu, inda ake lodin kayan ƴan kasuwarmu, ta hagunmu, muka miƙa kudu a kan gadoji masu tsawon da mutum zai ɗauka ba su da ƙarshe. Hantsi bai yi ba muka isa Nansha, inda kogin garin ke zuba a teku. Da na buɗe ƙofar mota iska ta buge ni, mai ɗumi da laima, sai ka ce tururin tukunyar dambu.

A mashiga wani ma'aikaci ya duba fasfo ɗinmu, ya dubi rawanina, ya ɗaga mana hannu. Mai jirgin wani gajeren tsoho ne da rana ta gasa, Sabi'u na kiransa “lauban”, wato maigida. Ya miƙa wa kowannenmu rigar ceto ruwan goro. Sabi'u kuma ya cusa mini ƙaramar waya mai madannai a aljihun gaba.

“Kawu, lambata kaɗai ce a ciki. Koren nan za ka danna.”

A cikin jirgi

Muka yi tafiya har gaɓa ta koma zare. Lauban ya kashe inji, ya soka mana jatan lande a ƙugiya, ya nuna mana yadda ake sakin zare. Alhaji Idi ne ya fara kamu, kifi mai sheƙi kamar tsawon tafin hannu. Lauban ya cire shi a hankali, ya jefa shi ruwa.

“Kai! Kai!” in ji Alhaji Idi. “Sabi'u, tambaye shi, mun zo su ne ko mun zo gaisuwa?”

“Ya ce ya yi ƙanƙanta, Alhaji. Sai ya girma.”

“To ya ba shi adireshina a Damagaram.”

Ni kuwa abin da na jawo talibambam ne. Yana fitowa ya kumbura ya zama ƙwallo, Alhaji Idi ya ce ga Bakano an yabe shi a kasuwa. Lauban ya kaɗa hannu, ya kama maƙogwaronsa don ya nuna mana guba ce, ya mayar da shi.

Wajen tsakar rana iska ta ɗauke ɗif. Mazari suka cika saman ruwa, suna shawagi ƙasa-ƙasa. Can gefe wata dabba ta ɓullo, fara mai ratsin ja, girmanta ya kai na maraƙi, ta huro numfashi ta wata kafa a kanta, ta nutse, wata ta biyo ta. Na yi tasbihi. Sai dai na lura lauban bai kalle su ba, sama yake kallo.

Ni a lokacin jiri ya riga ya kama ni. Na san salla a jirgi ta halatta, na sha karantar da hukuncinta, amma cikina da gwiwata suka ƙi. Ruwa ya janye, wani dogon tudun yashi ya fito kamar bayan kada, da wata hasumiyar ƙarfe mai fitila a tsakiyarsa. Na roƙi a sauke ni in yi Azahar a kan ƙasa. Lauban ya yi ta magana, ya ɗaga yatsa ɗaya, ya nuna ƙasa da ƙarfi har sau uku. Sinancin Sabi'u na ciniki ne, ya ce, “Ya ce awa ɗaya zai dawo.” Sai daga baya muka gane sauran maganar: kada mu gusa daga inda ya ajiye mu.

Alhaji Idi ya ce ba zai bar bawansa ya gudu ba, ya biyo ni da rigar cetonsa a jiki. Tawa na bar ta a jirgi saboda zafi.

A kan tudun yashi

Gindin hasumiyar laka ce mai wari, ba wurin da za a sa goshi. Muka bi tudun muna neman busasshen wuri. Ƙaguwoyi masu hannu ɗaya ƙato suna tserewa cikin ramuka, wasu ƙananan kifaye masu idanu a ka suna tsalle a kan laka kamar kwaɗi, balbelu suna binsu. Kallo ya ɗauke mu, muka yi nisa fiye da yadda muka yi niyya, har muka sami wani ɗan tozo mai ɓawon kawa. Alhaji Idi ya duba alƙibla a babbar wayarsa, ya tsayar da ni. Hasumiyar nan tana can nesa, daidai gabana, kamar an kafa mini sutura. Gajimare ya rufe rana, muka yi sallarmu.

Muna sallamewa na ga abin da ya tsinka mini zuciya. Sawun da muka bari ya ɓace. Tsakaninmu da hasumiya ruwa ya ratsa, yana gudu kamar kogi, alhali ko ɗigo bai sauko daga sama ba. Na karanta cikar teku da janyewarta a littattafai tun ina saurayi. Ban taɓa zaton haka take zuwa ba, shiru, ta bayan mutum.

Kafin mu yi shawara hadari ya rufto. Duhu ya sauko, iska ta fizge hular Alhaji Idi, ruwa ya dinga dukanmu ta gefe kamar tsakuwa. Wayarsa ta jiƙe ta mutu. Ba ma ganin kome sai fitilar hasumiya tana ƙiftawa. Ƙaramar wayar aljihuna ta yi ƙara, na dunƙule ta cikin rawani na amsa.

“Kawu! Kuna ina? Mun zo inda muka sauke ku, ruwa ya shafe wurin! Lauban sai cewa yake meyo, meyo!”

Wannan kalma na saba jinta a shaguna, idan an tambayi kayan da suka ƙare. Ma'anarta “babu”. Ban taɓa jin nauyinta ba sai da aka faɗe ta a kaina.

“Mun bi tudun, Sabi'u. Muna kan wani tozo.”

“Ta wane ɓangare? Tudun ya yi hannu biyu! Kuna ganin fitila? Tana ta ina da ku?”

Ban yi jinkiri ba. Ita na fuskanta na yi salla yanzun nan. “Tana gabas da mu,” na ce.

“Ka tabbata, Kawu?”

“Gabas sak.”

“To kuna yamma da ita ke nan. Ga mu nan!”

Alhaji Idi yana tsaye kusa da ni, ya ji, ya gyaɗa kai. Muka ji ƙugin inji can cikin ruwan sama. Muka ɗaga murya muna kira. Ƙugin ya yi ta raguwa, ya yi ta raguwa, har iska ta haɗiye shi.

Ruwa ya taɓa idon sawunmu, ya hau ƙwauri. Yashin da ke ƙarƙashin ƙafata ya fara zamewa, kowace igiyar ruwa ta zo sai ta tafi da kaɗan. Wani abu mai santsi ya shafi ƙafata, ya bar mini raɗaɗi kamar an zuba barkono. Can kuma cikin duhun muka ji irin numfashin nan na ɗazu, fuu, kusa ƙwarai, ba mu ga mai yinsa ba. Alhaji Idi ya damƙi hannuna.

“Malam,” ya ce, karon farko da ya kira ni haka, “ka iya ruwa?”

“Ko a kududdufin unguwarmu ban taɓa shiga ba.”

Sai ya fara kwance igiyar rigar cetonsa. Na riƙe hannunsa na ce ba zan karɓa ba, shi ma yana da iyali.

“Sa mana! In ka nutse me zan ce wa mutanen Damagaram? In ce na zubar da dukiyar gado a ruwa?” Yana dariya, haƙoransa suna kaɗawa. Ya ɗaura mini da ƙarfin tsiya.

Sabi'u ya sake kira, muryarsa ta shaƙe. Sun bi hannun yamma har ƙarshensa, babu kowa. Ya ce, “Kawu, me zan gaya wa Inna?” Na ce ya yi ta salati, ya bar wannan maganar. Wayar ta yi kukan ƙarewar caji, na kashe kiran.

Da ruwa ya kai cinya, ruwan sama ya tsagaita. Agogon Alhaji Idi ya nuna La'asar ta shiga. Na ce masa, “Mu yi salla. In ita ce ta ƙarshe, kada a same mu da bashinta.” Muka yi alwala da ruwan da ke neman ranmu, shi ma mai tsarki ne. Muka juya ga fitila, za mu yi a tsaye da nuni. Na ɗaga hannuwa zan yi kabbara, sai gajimare ya tsage, rana ta faɗo mini cikin ido, daidai saman hasumiyar.

Hannuwana suka tsaya a sama. Tun ina yaro, duk La'asar da na yi a fili, rana tana ƙeyata, inuwata tana kwance a gabana, a kanta nake sujada. Yau ga rana a fuskata. Na waiga, ga inuwata a baya tana rawa a kan ruwa.

“Inna lillahi! Alhaji, yamma muke kallo!”

“Wace irin yamma? Ga gabas...” Sai ya yi shiru, ya dafe kai.

Ku ɗalibaina kun sha ji daga bakina cewa mutanen Sin yamma suke fuskanta, domin Ka'aba tana yamma da su. Na san wannan kamar yadda na san sunana. Amma harshen da na tashi da shi bai raba gabas da alƙibla ba. Mukan ce wane ya dubi gabas, muna nufin ya yi salla. Da tsoro ya zo, harshen uwa ne ya amsa, ilmi yana gefe. Na tura masu cetona wajen da ba na nan.

Na danna koren madanni da yatsa mai karkarwa.

“Sabi'u! Alƙibla nake nufi! Fitilar tana alƙibla da mu! Ku juyo, ku ba rana baya!”

“Kawu, ka ce...”

Wayar ta mutu. Ban san ko ya ji ba.

Muka tayar da salla. Ban taɓa karanta Fatiha da jin kowane harafinta kamar ranar ba. Ruwa yana ƙugunmu, igiya tana ɗaga ni tana saukewa, Alhaji Idi ya saƙala yatsunsa a igiyar rigar da ke jikina. A raka'a ta uku na ji ƙugin inji, ban yarda da kunnena ba. A ta huɗu ya ƙaru. Na yi sallama ta dama, sai ga hancin jirgi, Sabi'u a kai yana kuka kamar yaron goye.

Lauban ne ya kama ni ta wuyan riga ya jawo ni ciki, sannan suka ciccibo Alhaji Idi. Tsohon ya yi ta faɗa da Sinanci, yana nuna ƙasa da yatsa kamar ɗazu, bai tsaya ba sai da ya ga raɗaɗin ƙafata. Ya wanke wurin da ruwan tsami, ya zuba mana shayi mai zafi a murfin gora. Na ce masa “she-she”, ita kaɗai ce godiyar da na iya da harshensa. Da na waiwaya ban ga tozon da muka tsaya a kai ba.

Komawa gida

Mun isa masauki bayan Magariba. Washegari na wuni kwance, gwiwa ta kumbura, likita ya yi mini faɗan da ya fi na lauban. Alhaji Idi ya raka mu filin jirgin Baiyun. Na rungume shi, na rasa abin da zan ce. Shi ne ya ce, “Je ka, na ƴanta ka. Bawan da bai san gabas ba asara ne riƙe shi.”

Muka kwana a sama, muka sauya jirgi a hanya, muka sauka Kano da rana tsaka. Ban shiga gida ba sai da aka kira La'asar, na tsaya a harabar masallacin unguwarmu. Na ɗaga hannuwa, ga inuwata a miƙe a gabana inda na bar ta. Waɗanda ke sahun farko sun ce na daɗe ban yi kabbara ba. To, yanzu kun san dalili.

Ina godiya ga Allah da Ya tsage gajimare a lokacin da Ya tsage shi. Ina godiya ga Sabi'u, da wancan tsoho mai jirgi da ban san sunansa ba, da Alhaji Idi wanda ya tuɓe rigarsa ya sa mini. Wanda ya karanta wannan, Allah Ya tsare shi da iyalinsa a tudu da ruwa, Ya sa albarka a gidansa, Ya daidaita masa fuska da zuciya da harshe a kan alƙibla ɗaya. Amin.