Kilen Ashiru a Ƙarƙashin Tafki

Shekara goma sha ɗaya shagona na ɗinki yana manne da na Ashiru, kusa da meri, ofishin magajin garin Madarumfa, kuma ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ni ce mai ɗagawa, shi ya sa yau ma ni zan yi fushin a madadinsa.

Aikinsa buga takardu. Wasiƙa, dosiye, takardar neman aiki, duk shi ake kawo wa. Kwamfutarsa ta tsufa har sai ya kunna ta ya tafi alwala ya dawo kafin ta buɗe ido. Wani mai gyara a Maradi ya ce masa ya soka mata kile, ɗan abin nan kamar yatsa da ake ajiye bayanai a ciki, ya bar shi a jikinta, za ta riƙa aron ƙwaƙwalwa daga gare shi. Ya yi hakan, ta farfaɗo. Da cikinta ya cika, sai ya koma ajiye aikinsa ma a cikin kilen.

Kuskurensa ɗaya ne: ya kai wa baduku ya ɗinka masa rigar fata da igiya don kada ya ɓace. Shi ke nan gari ya ɗauka. Wai Ashiru ya samo laya wajen wani malami a Ɗan Issa, ya rataya wa inji, injin ya tashi. Ya yi bayani har bakinsa ya bushe. Mutanenmu sai su gyaɗa kai su yi murmushi, irin na "mun gane, ba ka son faɗi".

A bara wata ƙungiya ta ce za ta raba wa mata masu lambu injinan ban ruwa, amma sai an kai sunaye da lambar katin kowacce a buge kafin ranar Litinin. Hajara, shugabar matan, ta yi sati uku tana kwaso su daga ƙauyukan Gabi a kan amalanke. Kowacce ta nuna kati, Ashiru ya buga, ta koma gida. Mata sittin da uku, duka a cikin kilen.

Ranar Asabar ya fita sayen takarda, kawunsa Idi masunci ya shigo. Na gan shi, na ma gaishe shi, abin da ke ci mini rai ke nan har yau. Kifi ya yi masa wuya kwana biyu, sai ya zare kilen ya tafi ya ɗaura a jikin taru.

A bakin tafki Ashiru ya same shi.

"Kawu, ina abin da ka ɗauka?"

"Haba ɗana, mi na tada hankali? Aro niy yi. Wagga laya taka ko inji ta tasa, bale kihi."

Ya kwanto ta tana ɗigar ruwa ya miƙa masa. Ashiru ya karɓa da hannu biyu, don ƙanen uwa ne, ba a yi masa tsawa. Da ni ce da an ji mu har Gabi.

Ya shanya, ya binne cikin shinkafa, ya soka sau ba adadi. Shiru. Ranar Lahadi shi da Hajara suka hau babur suna bin ƙauyuka, amma mata suna gonaki da kasuwanni, katunan wasu suna aljihun mazan da suka tafi Najeriya ci-rani. Sha tara suka samu.

Abin haushin, ranar da ya ɗaura kilen, Kawu Idi ya cika kwando biyu da kifi, har gobe ana zuwa tambayar Ashiru sunan malamin.

Mata arba'in da huɗu suka yi ranin nan suna jan guga. Ɗelu, tsohuwar da ta fi kowa murna ranar da aka buga sunanta, ta zo shagon da tafin hannu duk ya tsage, ta ajiye masa salak ɗauri ɗaya.

"Ga na wahalarka, ɗana," in ji ta. "Baɗi ka sa ni farko."