Ɗauri Biyu na Ƙirya

Ana sanar da jama'ar Zaitawa da kewaye cewa ƙotar tsohon gatarin nan da kowa ya sani ta tsage a hannuna ranar Juma'a da hantsi, a sara na huɗu. Ba a samu asarar rai ba, sai tsagin fata a tafin hannu da dariyar mata daga cikin gida. Mai gatarin ya riga shi tafiya. Baba Gambo mai faskare ya rasu ranar Talata, goma sha ɗaya ga Yuni, 2024, bayan jinyar kwana shida. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ni ne na ce zan faskara itacen girkin sadakar uku, don duk unguwar an rasa mai yi.

Baba, shekara talatin ƙarar gatarinka ce agogona. Bayan asuba, idan na kishingiɗa barci yana fizgata, sai in jiyo ta tana ratso katangu, sara ɗaya, shiru, sannan wani. A cikin wannan gyangyaɗi nakan ga lungunmu ya zama daji, azara ta koma giginya, ƙyauren zaure ya yi toho, kai kuma kana tafe a tsakani da gatari a kafaɗa. Har yanzu nakan ji ta. Sai na buɗe ido in tarar mai gyaran babur ne.

Ka sha tsiyata. Ina ganinka kana kewaya gungume, kana ƙwanƙwasa shi da ƙeyar gatari kana saurare, sai in ce ko likita bai kai ka yanga ba. Wata rana na zo maka da abin da na karanto a ƙamus, ina rarrabe maka gatari da gizago, ina nuna maka ruwan gatari da ƙotarsa kamar ba a hannunka suka tsufa ba. Ka bari na gama, ka ce, "Malam Maharazu, kai ka san sunansa, ni na san nauyinsa. Mu raba aikin haka."

Abin da ba ka taɓa karɓar ko sisi a kansa ba shi ne itacen kabari. Duk gidan da aka yi rasuwa, kafin a gama wanka ka iso da faskararren itacen da za a jera a rufe ramin kafin a sa laka, tsawonsu ɗaya kamar an auna. Ranar da muka kai mahaifiyata, kai ka shiga ka jera da hannunka, ka toshe kowace kafa don kada ƙasa ta zubo mata. Ban tuna ko na yi maka godiya ba.

Sai farkon daminar nan. Gas ya ƙare mana, itacen kasuwa duk ya jiƙe, Nana Hauwa matata ta tura ni wurinka. A bayan zaurenka na ga ɗauri biyu na busasshiyar ƙirya an lulluɓe da buhu. Na ce a sayar mini da ɗaya.

"Wannan ba na girki ba ne, Malam."

"To na ado ne? Ko jira kake damina ta yi nisa ya yi tsada?"

Ka yi murmushi ka ce, "Yana da masu shi."

Na fita ina cewa rowa ta kama Gambo da tsufa. Na faɗa a majalisa, aka yi dariya. Mako uku ina sauya lungu don kada mu gaisa. Da na ji ka kwanta, na ce gobe zan leƙa. Goben nan shida na tara.

A maƙabarta na gane ɗaurin farko. Ƙirya ce, wadda gara ba ta ci, ka faskara wa kanka don ka san bayanka babu mai yi. Da muka dawo, matarka Inna Aminat ta sa aka kira ni bakin ƙofa. Ta bayan labule ta ce, "Malam, ɗayan naka ne. Ya ce a ajiye maka inda ruwa ba ya taɓawa, wai kai ko ƙota ba ka iya riƙewa ba, 'ya'yanka kuma sun fi ka boko." Na tambaye ta ko ka ambaci fushina. Ta ce, "Cewa ya yi ku ƙyale shi, idan ya huce zai zo."

Ga shi na zo, Baba. Ɗaurin yana ɗakin littattafaina, ƙarƙashin ƙamus ɗin nan. Da rana idan ɗakin ya ɗumama yakan yi ƙamshin daji, in zauna ina kallonsa har a kira la'asar.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata makwancinka, Ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufe na mutane. Allah Ya ba Inna Aminat da ɗanku Shehu da dukan Zaitawa haƙuri, mu kuma Ya kyautata namu zuwan.

Na ce rowa ce. Ban faɗi daidai ba, Baba. Ka yafe mini.