Kafaɗar da ke sassauta ganga

Jiya a wani biki a Madawa, samari suka ƙure sono, wato lasifika, har muryar zabiya ta nutse cikin kiɗa. Na tashi na bar wurin, ina tuna tsohon da ya koya mini ganga.

Da kafaɗar hagu yake jan makaɗansa. In ya sauke ta mu sassauta, in ya ɗaga mu taso. Idonsa kuwa yana kan maƙogwaron mai waƙa, yana jiran numfashinta.

Wata rana a wani biki a Azarori, rana ta gasa fatun ganguna sai amo suke, muryar zabiyarmu ta dushe. Ya sauke kafaɗa har kiɗan ya koma kamar bugun zuciya. Uban ango ya taso a fusace: "Baba, ku buga mana!"

Bai ko waiwaya ba. "Alhaji, ita muka rako. In hayaniya kaka so, kira 'yan kabu-kabu."

Ta kai waƙarta ƙarshe, mata suka ɓarke da guɗa.

Yanzu ana cewa kiɗana ya tsufa, gayyata ta ragu. Ta ragu ɗin! Ba zan binne muryar mutum don tuwo ba.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya sassauta maka kabari yadda ka sassauta mata ganga.